Ajin ma'aurata na ranar Asabar a Jos: ya iya koyar da tsautawa cikin ƙauna, amma da sauran gyara

Jos ba ta rasa masu wa'azin aure ba. Nan hedkwatar ikilisiyar ECWA take, nan ta ikilisiyar COCIN take, ga makarantun tauhidi irin su JETS da TCNN ta Bukuru suna yaye fastoci kowace shekara. Duk wanda aka ɗaura wa aure a coci a garin nan ya sha jin Afisawa sura 5, mai magana kan zaman miji da mata, ya kuma sha jin "a yi haƙuri" daga bakin iyaye da dattawa da matan zumunta. Abin da ba kasafai ake koya wa kowa ba shi ne yadda mace za ta dubi mijinta ta ce masa ya yi laifi, ko miji ya faɗa wa matarsa haka, a kuma tashi daga zaman ba a shiga gaba ta mako biyu ba. Wata ikilisiya mai sujada da Hausa ta buɗe aji musamman don wannan, shi ne muka duba. Ba za mu kama sunanta ba, domin akwai abin da za mu kushe, masu hidimar kuwa aikin sa kai suke yi.

Ga mai gaggawa: in damuwar gidanku ta kuɗi ce, ko ta dangi, ko baƙar magana, ko shirun da ya daɗe, ajin ya cancanci lokacinku. In akwai duka ko tsoro a gidan, kada ku fara da shi.

Asabar shida ake yi a jere, daga ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma, a ɗakin makarantar Lahadi. Ba sa ɗaukar fiye da ma'aurata 12 a zango ɗaya, kuma sharaɗi ne a zo tare, ba a karɓar mace ita kaɗai da alkawarin maigida zai biyo baya. Ba a biyan kuɗin zama, sai na buga takardun aiki. Rabaran da matarsa, Mama, ne suke jagoranci, tare da wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya da ta samu horo kan ba da shawara. Rabin lokacin koyarwa ne, rabin kuma gwaji: kowane miji da matarsa su ja kujerunsu gefe su yi abin da aka koya, masu koyarwa suna zagayawa. Wannan rabi na biyu ne ya bambanta ajin da tarukan aure da aka saba, inda ake tafi da dariya a watse, kowa ya koma gida da halinsa.

Asabar ta farko ta tafi ne a kan tambaya ɗaya: shin yin shiru a kan laifi haƙuri ne? Rabaran ya fara da Littafin Firistoci 19:17, inda aka hana mutum riƙe ɗan'uwansa a zuciya, aka ce ya tsauta masa a fili, sannan a aya ta gaba aka ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Ya nuna cewa tsautawa da ƙauna a wuri ɗaya aka rubuta su. Ya ƙara da Karin Magana 27:5 da Luka 17:3, ya kuma kawo Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5, wadda ta san mijinta Hananiya ya ɓoye wani ɓangare na kuɗin gonar, ta goya masa baya, hukuncin ya hau kansu su biyun. Daga nan Mama ta karɓa, ta lissafa hanyoyin da muke bi mu yi magana ba tare da mun yi ta ba: habaici a waƙa ana wanke-wanke, aya mai harbi a kan WhatsApp don kowa ya gani, ƙin cin abincin da aka dafa, aika yaro da saƙo alhali mai saƙon yana falo, juya baya a gado, yaji. Ta ce duk waɗannan tsautawa ce, sai dai wadda ba ta ba wa mai laifi ƙofar amsawa.

Wanda ya fi taɓa mutanen ɗakin shi ne tsautawa ta cikin addu'a. An san yadda take: an taru addu'ar safe, yara sun rufe ido, sai a ji, "Ya Uba, ka taɓa zuciyar waɗanda suke kai kuɗin gida waje, ka tuna musu suna da 'ya'ya." Wanda ake nufi ba shi da abin cewa sai Amin, yara kuwa sun gane sarai. Ajin ya haramta wannan kai tsaye, mu ma muna tare da su. Addu'ar da aka mai da bulala tana kashe addu'ar iyali, domin bayan wata ɗaya maigida zai fara samun uzurin fita da sassafe.

Ba kowane laifi ne ake zama a kansa ba, sun kuma faɗi haka da wuri, abin da ya hana ajin zama makarantar ƙorafi. Karin Magana 19:11 ta ce darajar mutum ce ya ƙyale laifi. Ma'aunin da suka bayar tambayoyi uku ne: abin yana maimaituwa? Yana cutar da wani, ko kai, ko yara, ko shi mai yin? Ka yi niyyar ƙyalewa amma bayan kwana uku yana nan yana cin ka? In amsar ɗaya ta zama e, a yi magana. In duka a'a ne, kamar tawul da aka bari a kan gado ko gishiri da ya ɗan zarce, a bar shi har abada, ba a ajiye shi don ranar faɗa ba.

Zuciyar ajin ita ce takardar shiri, shafi ɗaya mai layi huɗu, wadda mai son yin magana zai cike shi kaɗai kafin ya buɗe baki. Layi na farko: abin da ya faru, da rana da wuri. Na biyu: abin da ya jawo. Na uku: nawa laifin a ciki. Na huɗu: abin da nake roƙo. Da gani abu ne mai sauƙi, amma a layin farko yawancin mutane suke faɗuwa, domin abin da suke rubutawa hukunci ne a kan halin mutum. "Ba ka damu da mu ba." "Ke ba kya girmama ni." Masu koyarwa suna soke irin wannan su ce a sake. Misalin da suka yi aiki da shi a allo shi ne na matar da mijinta ya ɗauki naira 40,000 daga kuɗin makarantar yara ya ranta wa ƙanensa bai faɗa mata ba. Rubutun farko ya ce, "Kullum danginka ne a gaba." Bayan gyara ya koma, "Ranar Talata na je biyan kuɗin makaranta na tarar babu 40,000, daga baya na ji ka ba ƙanenka." Dalilin gyaran a fili yake. Kalmar "kullum" tana ba mutum mafita, zai tuno rana ɗaya da bai yi ba, sai gardama ta koma kan wannan ranar, a manta da kuɗin. Ranar Talata kuwa ba ta da musu.

Ƙa'idar da ke biye da wannan ita ce magana ɗaya a zama ɗaya. Wanda ya zo da kuɗin makaranta ba zai ƙara da abin da surukarsa ta faɗa ranar suna shekara huɗu da suka wuce ba. Mun ga yadda mutane suke jin zafin wannan ƙa'ida, musamman wanda ya daɗe yana tarawa, yana ganin yau ce ranar da aka ba shi fili. Amma wanda aka jera wa laifi bakwai ba ya gyara ko ɗaya, kare kansa kawai yake yi.

Layi na uku daga Matiyu 7:3-5 aka ɗauko shi, gungumen da ke idonka kafin ɗan hakin da ke idon ɗan'uwanka. A misalin kuɗin, abin da matar ta rubuta shi ne, da ta gano, ta fara faɗa wa yayarta a waya kafin ta tambayi mijin. Gargaɗin da suka yi a nan yana da kyau: a faɗi naka laifin a tsaya, kada a liƙa masa "amma". "Na yi kuskure da na gaya wa Yaya, amma ai kai ka ja" ba tuba ba ce, shimfiɗar hari ce. Sun kuma hana ƙirƙiro laifi don a nuna tawali'u. In ba ka da hannu a abin, ka bar layin babu komai.

Layi na huɗu ne mutane suka fi mantawa da shi a gida, shi ya sa ake tashi daga faɗa ba a san abin da aka cimma ba. Roƙon dole ya zama abin da za a iya yi, a kuma iya gani an yi. "Ka canja hali" ba roƙo ba ne. "Duk kuɗin da ya wuce 10,000 da zai fita zuwa ga dangina ko danginka, mu yi shawara tukuna" roƙo ne, kuma lura, ya ɗaure su biyun.

Sai batun lokaci, wanda suka ba Asabar guda. Sun ɗauko Abigail a 1 Sama'ila 25: ta dawo gida ta tarar mijinta Nabal ya bugu, ba ta ce masa komai ba sai da gari ya waye giyar ta sake shi. Wani dattijo a baya ya ce ai mutumin bai daɗe ba ya mutu, aka yi dariya, Rabaran ya ce darasin lokacin kawai za a ɗauka. Sun ambaci Sarauniya Esta ma, wadda ta yi liyafa har biyu kafin ta faɗa wa mijinta sarki abin da ke ranta. Lokutan da suka hana su ne a bakin ƙofa mutum yana shigowa daga aiki, da yunwa, da kan gado, da safiyar Lahadi ana shirin tafiya sujada, da gaban yara ko 'yar riƙo ko baƙo. Abin da suka ce a yi shi ne a nemi lokaci da baki: "Baban yara, akwai maganar da nake so mu yi a kan kuɗin makaranta. Yau bayan yara sun kwanta, ko gobe da yamma?" A faɗi kan maganar, don kada mutum ya yini yana zullumi. Wanda aka nema yana da damar ɗagawa, amma shi zai sa wani lokacin, kuma kada ya wuce kwana biyu. Ga masu zama a ɗaki ciki da falo a gidan haya, inda maƙwabci ke jin tari, sun ba da shawarar a fita a taka tare, ko a zauna a harabar coci ranar da babu taro. Wannan ya nuna masu koyarwar sun san gidajen da mutanensu suke kwana.

Sun gyara wata fahimta da ta daɗe tana wahal da mutane a kan Afisawa 4:26, kada rana ta faɗi kuna cikin fushi. Da yawa sun ɗauka ma'anarta dole a gama shari'ar a daren, shi ya sa ake ta da mutum ƙarfe 1 na dare a ce sai an yi ta. Abin da ajin ya koyar shi ne fushin ne ba a kwana da shi, maganar tana iya kwana. A ce, "Raina ya ɓaci, amma ba na gaba da ke, gobe za mu zauna." A yi sai da safe kamar yadda aka saba.

Zaman kansa yana da tsari, kuma da agogon waya ake yinsa. Mai magana yana da minti 5, ba a katse shi. Mai sauraro ba zai amsa ba sai ya maimaita abin da ya ji, mai maganar ya tabbatar haka ne. Sannan a juya. Duka zaman kada ya wuce minti 40. Ga yadda Rabaran da Mama suka gwada a gaban aji.

"Maigida, ranar Talata na je biyan kuɗin makaranta na tarar babu 40,000. Na tsaya a gaban mai karɓar kuɗi ban san abin da zan ce ba, kunya ta kama ni. Ni ma na yi laifi, na faɗa wa Yaya kafin in tambaye ka, ka gafarce ni. Ina roƙo, in irin wannan ta taso, mu yi shawara kafin kuɗin ya fita."

"Abin da na ji shi ne kina ganin ba na son yarana."

"A'a, ban ce haka ba."

"To, na ji kin ce kin sha kunya a makaranta domin ban faɗa miki ba, kuma kina so a riƙa shawara."

"Haka ne."

Da gangan Rabaran ya yi kuskuren farko, don a ga yadda kunne ke ƙara wa magana abin da ba a faɗa ba. Karin Magana 18:13 ce madogararsu, wauta ce da kunya mutum ya amsa kafin ya ji. Ranar farko maimaitawar tana zama kamar wasan yara, maza da yawa suna yin ta suna murmushin jin nauyi. Zuwa mako na huɗu ita ce abin da ma'auratan suka fi riƙewa.

Akwai wani abu da ya shafi Jos musamman, sun kuma taɓa shi. Aure tsakanin ƙabilu ya yi yawa a nan, Berom da Ngas, Tarok da Mwaghavul, Afizere da mutumin kudancin Kaduna, Hausa ce take haɗa gidan. In rai ya ɓaci, sai ɗaya ya juya zuwa yarensa ya yi gunaguni, ko ya ɗauki waya ya yi ta da mahaifiyarsa a gaban wanda ba ya ji. Wanda ba ya jin yaren kullum mafi muni yake zato. Ƙa'idarsu ita ce a fara da harshen da duka biyun suke ji, a kuma ƙare da shi.

In murya ta fara hawa, akwai tsayawa. A nan ma'aikaciyar jinyar ta yi bayani mai amfani. Ta kawo binciken John Gottman, masanin zaman aure ɗan Amurka, wanda ya nuna cewa in bugun zuciya ya haura 100 a minti ana cikin gardama, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, kuma jiki yana bukatar aƙalla minti 20 kafin ya lafa. Ta koya musu taɓa jijiyar wuyan hannu, a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu. Ba kowa zai yi wannan a tsakiyar faɗa ba, amma alamomin da ta lissafa kowa ya san su: zafin kunne, rawar murya, bushewar baki. Sai a ce, "Bari in sha iska, ƙarfe 9 zan dawo mu ci gaba." Sharaɗi biyu ne. A faɗi lokacin dawowa, in ba haka ba fita ce ta fushi, wanda aka bari zai ji an wulaƙanta shi. Kuma a cikin hutun ba a kiran kowa, ba a zama ana shirya martani.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba su mai da ajin wurin koya wa mata ladabin magana kawai ba. Asabar ta huɗu ta masu karɓar tsautawa ce, kuma maza aka fi fuskanta. An karanta Afisawa 5:21, biyayya ga juna, kafin a kai aya ta 22 da kowa ya haddace, ta biyayyar mata ga mazansu. An karanta Farawa 21:12, inda Allah ya ce wa Ibrahim ya saurari Saratu, da Kolosiyawa 3:19, da 1 Bitrus 3:7 wadda ta ce yadda miji ke zama da matarsa yana iya toshe addu'arsa. Wani ya ta da 1 Bitrus 3:1, cewa ai mace da hali take rinjayar miji ba da magana ba. Rabaran ya amsa cewa ayar tana maganar mazan da ba su karɓi Maganar ba, ba lasisi ba ne ga mai bi ya rufe wa matarsa baki. Misalin karɓa shi ne Dawuda a 2 Sama'ila 12: sarki ne, yana da ikon hallaka annabi Natan da ya tsauta masa, amma abin da ya ce shi ne ya yi wa Ubangiji zunubi. Sun raba neman gafara kashi uku: a kama sunan laifin, a faɗi abin da ya jawo wa ɗayan, a faɗi abin da za a yi. "In na ɓata miki rai ki yi haƙuri" bai cika ko ɗaya ba. Haka ma shigowa da tsire ko atamfa a maimakon magana. Mama ta ce a kawo tsiren, amma bayan an yi maganar. Ta rufe da karin maganar da kowa ya sani, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, domin tsoron da ke sa mutane tsalle in an tsauta musu shi ne zaton an gaji da su.

Sun kuma bambanta gafara da amana. Gafara ana ba da ita a ranar, amana kuwa a hankali take dawowa, da abin da ido ya gani. Don haka kowane zama yana ƙarewa da sa ranar dubawa bayan mako biyu: an yi abin da aka ce? In an yi, a faɗa, a gode. Matar da ta ce a nuna mata takardar biyan kuɗin makaranta ba ta ƙi gafartawa ba.

In an zauna sau biyu ko uku babu canji, sai mataki na biyu na Matiyu 18:16, a ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Shawararsu a kan zaɓen mutumin daidai take. Kada ya zama uwa ko uba ko ɗan'uwan ɗayanku, domin ku za ku shirya ku manta, dangi ba sa mantawa. Ya zama wanda duka biyun kuke girmamawa, an fi son miji da mata da suka daɗe da aure, kamar waɗanda suka tsaya muku ranar ɗaurin aure. A sanar da abokin aure kafin a kira su, kada ya dawo gida ya tarar da kotu a falo. Kuma mai shiga tsakani ya ji ɓangare biyu, domin Karin Magana 18:17 ta ce mai fara kai ƙara shi ke da gaskiya sai ɗayan ya zo.

A nan ne kuma muka fara ganin rauni. Ajin da ke koyar da sirri bai tsare nasa sirrin ba. Littafin rajista a buɗe yake a kan tebur a bakin ƙofa, duk mai wucewa zuwa koyon waƙa yana iya leƙawa. Tagogin ɗakin suna kallon inda matan zumunta suke taruwa. Lokacin gwaji kujerun sun yi kusa, ma'aurata suna jin na kusa da su, shi ya sa da yawa suke zaɓar ƙaramar magana su bar ta gaske. Ba a kuma bayyana a fili ko abin da aka faɗa wa Rabaran a keɓe zai iya kai wa majalisar dattawa ba. A ikilisiyar da ake sa mutum ƙarƙashin horo a hana shi jibin Ubangiji, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Mai laifin da bai san inda maganarsa za ta tsaya ba, ba zai faɗe ta ba. Gyaran ba ya cin kuɗi: a ɗauke littafin, a raba ma'auratan zuwa ɗakuna biyu, a faɗi iyakar sirri tun ranar farko.

Babban raunin shi ne batun duka. Sai a Asabar ta ƙarshe aka taɓa shi, cikin 'yan mintoci, da cewa in abin ya kai haka a zo a ga Rabaran. Wannan bai isa ba, kuma yana da haɗari. Duk dabarun da aka koyar an gina su ne a kan cewa mutanen biyu ba sa tsoron juna. Matar da ake duka, in ta koma gida ta ce "ranar Talata ka yi kaza" a ɗaki a rufe bayan yara sun kwanta, an tura ta wurin da babu mai ceto. Layi na uku ma, na faɗin naka laifin, yana juyewa ya zama makami, domin mai duka dama abin da yake so ke nan, ta ce ita ta ja. Kuma tunda tare ake zuwa, babu lokacin da za ta iya faɗa ba ya kusa. Abin da ya kamata shi ne kafin a karɓi kowa, a ga miji daban, mata daban, mace ta ga mace, a yi tambaya kai tsaye: an taɓa marin ki, ko shaƙe ki, ko kulle ki, ko yi miki barazana? Kina tsoron sa? A tambayi mijin ma, domin akwai mazan da ake duka suna jin kunyar faɗa. In amsar e ce, ba aji ake bukata ba tukuna. Wurin kwana mai aminci ake bukata, da asibiti in akwai rauni, a kuma ajiye takardar likita, da mutanen da suka san doka, irin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Duka laifi ne a dokar ƙasa, tun 2015 ma akwai dokar tarayya ta musamman a kan cin zarafi. Malakai 2:14 ta ce Ubangiji shaida ne tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa, kuma nisantar mai duka don a tsira da rai ba karya alkawari ba ne. Ma'aikaciyar jinyar da ke cikinsu ta san duk wannan, lokaci ne ba a ba ta ba.

Shaye-shaye da zina ma an bi ta kansu da sauri. Mai shan burukutu ko ogogoro kullum zai yi alkawari cikin hawaye ranar Lahadi ya karya ranar Laraba, roƙo ɗaya da dubawa bayan mako biyu ba za su riƙe shi ba, yana bukatar magani da masu bibiya. Wadda ta gano amana ta karye tana bukatar a gaya mata maganar gwajin jini a asibiti, ba a ko ambata ba. Maganar shimfiɗa kuwa, wadda take ƙarƙashin faɗa da yawa da ake cewa na kuɗi ne, kunya ta hana kowa taɓa ta.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Yammacin Asabar lokacin biki ne da kallon ƙwallo, kuma an ga kujerun da suka zama babu kowa a tsakiyar zango. Babu mai riƙon yara, masu goyo suna fita suna shigowa. Takardar shiri ta fi dacewa da mai karatu, wanda ba ya rubutu sosai yana jin nauyin nunawa, alhali layukan huɗu ana iya haddace su a kan yatsu. Tsofaffi masu riƙe da tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932 suna ɓata lokaci suna neman Karin Magana, domin a nasu Misalai aka rubuta, da an rubuta sunayen biyu a allo da an huta.

Waɗanda za su fi amfana su ne masu shekara ɗaya zuwa goma da aure, kafin gaba ta zama al'ada, da kuma dattawa da shugabannin zumunta da ake yawan kira sulhu, domin su ma da yawa "a yi haƙuri" kaɗai suka iya. Kafin ku rubuta suna, ku tambayi wanda yake riƙe da rajista, ku tambaya ko abin da aka faɗa a keɓe yana zuwa gaban dattawa, ku kuma nemi a gan ku ɗaya bayan ɗaya ko da ba a saba ba. Ku zaɓi maganar da za ku yi gwaji da ita tun daga gida, matsakaiciya, ba mafi zafi ba. In zangon ya faɗo a watan Disamba ko Janairu, ku zo da rigar sanyi, ɗakin yana shan iska sosai daga ƙarfe 5.